Tafawa Ɓalewa da ƙwayar zarra: Malamin Bauchi da ya sallami jakadan Faransa

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar GRA ta Bauchi a tsakiyar hunturu ya san abin da gari ke wayewa da shi. Ƙura ce fara sol a kan gilashin mota da ganyen darbejiya, leɓe ya tsage, rana kuma ta fito kamar faifan azurfa a cikin hazo. Mutanen Arewa sun saba da wannan baƙuwar da iska ke kwasowa daga Sahara kowace shekara, har ba su ɗauke ta abin magana ba. Amma a hunturun 1960 ƙurar ta zama maganar gwamnati. Faransa ta fara tayar da bama-baman nukiliya a cikin hamada, kuma ya zama dole wani ɗan Bauchi da ke riƙe da ragamar Najeriya ya yanke shawara a kan abin da ido ba ya gani.

Mutumin shi ne marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firaministan Najeriya na farko, wanda har yau babu na biyunsa a wannan muƙami. An fi tuna shi da daɗin murya da sauƙin kai da kuma mummunan kisan da aka yi masa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne rayuwarsa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da tarihin gano cikin ƙwayar zarra, tun daga shekarar haihuwarsa har zuwa ranar da ya ɗauki mataki mafi tsauri a huldarsa da ƙasashen waje.

Haihuwa a zamanin da aka leƙa cikin zarra

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a yankin Tafawa Ɓalewa da ke kudancin masarautar Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ma'aikaci ne a gidan hakimin Lere, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ba ɗan sarauta ba ne, kuma wannan ya bi shi har cikin siyasa, inda ya zauna tsakanin 'ya'yan sarakuna ba tare da gadon rawani ba. Ya fara da karatun allo, sannan aka sa shi makarantar boko a garinsu, daga nan ya wuce makarantar lardi a Bauchi.

Shekara guda kafin haihuwarsa, a birnin Manchesta na Ingila, wani masani haifaffen New Zealand mai suna Ernest Rutherford ya sanar da abin da ya sauya fahimtar ɗan Adam game da halitta. Kalmar zarra Larabci ce, kuma Bahaushe ya san ta daga karatu da ma'anar abu mafi ƙanƙanta. Masana kimiyyar sinadarai ma haka suka ɗauke ta tun zamanin John Dalton a farkon ƙarni na 19, wato ƙwaya dunƙulalliya wadda ba ta rabuwa. A 1897 J. J. Thomson ya nuna cewa a cikinta akwai wasu ƙananan abubuwa masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda ake kira ilektiron. Saura sanin yadda aka jera kayan cikin.

Mataimakan Rutherford biyu, Hans Geiger da Ernest Marsden, sun yi ta harba wasu ƙwayoyi masu gudun tsiya a kan fallen zinariya wanda ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Kusan dukkansu suka ratsa fallen suka wuce abinsu. Amma ɗaya cikin dubbai takan karkace sosai, wata ma ta dawo baya kamar ta ci karo da dutse. Daga nan Rutherford ya gane cewa mafi yawan cikin zarra fili ne fetal, kuma kusan dukan nauyinta ya taru a wata cibiya 'yar mitsitsiya a tsakiya. Da za a kumbura zarra ta kai girman filin wasa na Bauchi da ke ɗauke da sunan Tafawa Ɓalewa, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero da aka ajiye a tsakiyar filin ba.

A 1913, lokacin da Abubakar ke goye a bayan mahaifiyarsa, wani matashi ɗan Denmak, Niels Bohr, ya ƙara bayani cewa ilektiron ba sa yawo barkatai. Suna zaune ne hawa-hawa a kewayen cibiya, hawa na farko yana ɗaukar biyu, na biyu yana ɗaukar takwas. Cibiyar kuma tana ɗauke da ƙwayoyin da daga baya aka raɗa wa suna furoton, masu cajin da ke kishiyar na ilektiron, kowane ɗaya ya ninka ilektiron nauyi sau kusan 1,836. Yawan furoton shi ne sunan yankan kowane sinadari. Mai furoton ɗaya haidirojin ne, mai takwas iskar oksijin da muke shaƙa, mai 26 baƙin ƙarfe, mai 79 zinariya. Kuzar da Turawa ke haƙa a tsaunukan Jos, waɗanda a lokacin ke cikin lardin Bauchi, furoton 50 gare ta.

Kwalejin Katsina da ƙwaya ta uku

A 1928 Abubakar ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar da Turawa suka kafa don horar da malaman Arewa. A can ya tarar da Ahmadu Raɓa, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi a aji. Kwalejin ta shahara da tsananta koyar da lafazin Turanci, kuma a nan aka goge muryar da duniya ta zo ta yi wa laƙabi da muryar zinariya.

Yana shekararsa ta kusa da ƙarshe a Katsina, wato 1932, sai James Chadwick a Kambirij ya gano ƙwaya ta uku da ta cika lissafin zarra. Sunanta nutiron, nauyinta kusan ɗaya da na furoton, tana zaune tare da shi a cibiya, amma ba ta ɗauke da caji ko kaɗan. Da wannan ne hoton da ake zana wa ɗaliban sakandare a allo har yau ya kammala: furoton da nutiron a tsakiya, ilektiron a kewaye.

Gano nutiron ya warware wata matsala da ta daɗe tana damun masana. Akan samu zarra biyu na sinadari ɗaya, halinsu ɗaya, amma nauyinsu ya bambanta. Ashe yawan furoton ɗinsu ɗaya ne, a nutiron suka sha bamban, kamar 'yan uwa shaƙiƙai da wani ya fi wani jiki. Irin waɗannan ake kira aisotof. Yuraniyam, alal misali, furoton 92 gare shi ko da yaushe. Mafi yawansa yana da nutiron 146, shi ne yuraniyam 238. Ɗan kaɗan, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, yana da nutiron 143, shi ne yuraniyam 235. Wannan bambanci na ƙwaya uku kacal shi ne ya zo ya girgiza siyasar duniya.

Abubakar ya kammala karatu a 1933 ya dawo gida ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. A daidai lokacin ne ya shiga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya daga Zariya, inda ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da bauta ta raba da mahaifiyarsa ta tsallaka da shi hamada. An buga littafin a 1934. Tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ke nan, Sahara a wurinsa hanya ce da ke haɗa ƙasar Hausa da Arewacin Afirka, mai mutane da ayari da rijiyoyi. Bai taɓa kallonta a matsayin kangon da babu kowa ba.

Malamin Midil

Shekaru goma sha biyu ya yi yana riƙe da alli a Bauchi, har ya zama shugaban makarantar a 1941. Zamani ne da Razdan da Di'o da sauran Turawan mulki ke zaune a keɓaɓɓiyar unguwarsu a wajen ganuwa, wadda ita ce asalin GRA, 'yan ƙasa kuwa suna cikin gari ƙarƙashin En'e. A farkon shekarun 1940 Bauchi ta zama matattarar matasa masu ilimi da zafin kishi. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Midil, Malam Sa'adu Zungur ɗan gari ne, kuma da su da Abubakar aka kafa dandalin muhawara inda aka fara tattauna gazawar mulkin En'e a fili. A cikinsu Abubakar ne mai taka-tsantsan, wanda ya fi son gyara daga ciki a kan rusawa.

Yana cikin wannan koyarwa, a ƙarshen 1938, wasu masana biyu a Balin, Otto Hahn da Fritz Strassmann, suka harbi yuraniyam da nutiron, suka tarar da sinadarai marasa nauyi a cikin abin da ya rage. Lise Meitner da ɗan 'yar uwarta Otto Frisch ne suka fassara abin da ya faru: cibiyar zarra ce ta tsage gida biyu. Da yake nutiron ba shi da caji, babu abin da ke tunkuɗe shi, yana shiga cibiya kai-tsaye. Idan ya faɗa cikin ta yuraniyam 235 sai ta dare, ta saki zafi mai yawa tare da wasu nutiron biyu ko uku, su kuma su je su tsaga na kusa da su, abin ya yi ta ruruwa cikin ƙiftawar ido.

A nan ne bambancin wutar murhu da ta nukiliya yake. Idan itace ya ƙone, ko fetur, ko albarushi, ilektiron na hawan waje ne kawai ke sauya abokan zama, cibiya tana nan yadda take. Idan kuwa cibiyar ce ta tsage, ƙarfin da ke fita daga zarra ɗaya ya ninka na ƙonewa sau miliyoyi.

A 1945, shekarar da Amurka ta jefa irin wannan bam a Hiroshima da Nagasaki, Abubakar yana cikin malaman Arewa da aka zaɓa zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya zauna a birnin da yaƙi ya ragargaza, a lokacin da jaridu ba su da zancen da ya wuce sabon makamin. Ya dawo a 1946 aka ba shi aikin duba makarantu na En'e, kuma a wannan shekara ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa. A 1947 ya tafi Majalisar Dokoki ta Legas.

Daga aji zuwa ofishin Firaminista

A watan Agusta na 1950 ya gabatar da ƙudirin da ya girgiza Arewa, inda ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, a ba talaka bakin magana a mulkin ƙasarsa. Wasu sarakuna ba su ji daɗi ba, amma ƙudirin ya wuce, ya kuma buɗe ƙofar gyare-gyaren da suka biyo baya. Da jam'iyyar NPC ta kafu ya zama mataimakin shugabanta. Sardauna ya zauna a Kaduna, shi kuma ya jagoranci wakilan Arewa a Legas.

A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya Ministan Sufuri. A wannan ofis ya saba da zama da injiniyoyi da karanta rahoton ƙwararru, tun daga maganar sufurin jiragen ruwa a kogin Kwara da Binuwai har zuwa shirin miƙa layin dogo ta Bauchi zuwa Maiduguri, wanda aka kammala a 1964. A 1957 ya zama Firaminista, kuma bayan zaɓen 1959 ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa da NCNC.

Tun kafin zaɓen, labari ya bazu cewa Faransa ƙarƙashin Janar Charles de Gaulle na shirin gwada bam ɗinta na farko a kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya, wadda a lokacin take hannunta. Wurin yana da nisan kimanin kilomita 1,500 daga iyakar Najeriya ta arewa. Hankalin jama'a ya tashi daga Sakkwato har Legas. Sai dai a lokacin harkokin waje na Najeriya suna hannun Birtaniya, don haka iyakar abin da Firaminista zai iya shi ne kai kuka Landan, wurin gwamnatin da ita ma ta gwada nata bama-baman a Ostireliya da tsibiran tekun Fasifik. A watan Nuwamba na 1959 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudirin da ya nemi Faransa ta janye. Wasu masu fafutuka daga Afirka da Turai da Amurka suka taso daga Ghana da nufin isa wurin gwajin, jami'an Faransa suka tare su a Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau.

Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Da safiyar 13 ga Fabrairu, 1960, ta tayar da bam na farko a kan hasumiya mai tsayin mita 100. Sunan gwajin Gerboise Bleue, daga sunan wani ɗan beran hamada. An haɗa bam ɗin da fulutoniyam, sinadari mai furoton 94 da ake samarwa daga yuraniyam a tukunyar nukiliya, kuma ƙarfinsa ya kai na tan dubu 70 na nakiya, wato ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Na biyu ya biyo baya a ranar 1 ga Afrilu.

Abin da ke cikin ƙurar

Gwamnatin Faransa ta dage cewa wurin babu mutane, kuma babu haɗari ga maƙwabta. Fahimtar dalilin da ya sa wannan bai kwantar da hankali ba tana komawa ga darasin zarra. Idan cibiyar fulutoniyam ko ta yuraniyam ta tsage, ɓangarorin da suka rage sababbin sinadarai ne masu nutiron fiye da ƙima. Cibiyoyinsu ba su da natsuwa, suna ta fitar da tururin nukiliya har sai sun daidaita. Bam da aka tayar kusa da ƙasa yana kwasar yashi ya gauraya shi da waɗannan burbushi, ya cilla su sama, iska ta ɗauke su ta sauke inda ta ga dama.

Uku daga ciki ne suka fi tayar da hankalin likitoci. Aidin 131 yana taruwa a halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, sai dai rabinsa na lalacewa cikin kwana takwas. Siziyam 137 yana bazuwa cikin tsoka, kuma sai ya yi shekara 30 kafin rabinsa ya gushe. Na ukun, sitirontiyam 90, shi ne mafi yaudara. Yana da ilektiron biyu a hawansa na waje, daidai da kalsiyam da jiki ke gina ƙashi da haƙori da shi. Tun da ta ilektiron na waje jiki ke gane sinadari, sai ya karɓe shi a matsayin kalsiyam. Burbushin ya sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya shiga nono, yaro ya sha da fura, ya zauna a ƙashinsa, kuma sai bayan kusan shekara 29 rabinsa ke lalacewa. Ga ƙasar da arzikinta ya dogara da gyaɗa da auduga da dabbobi, wadda kuma iskar hamada ke ratsa ta wata uku a shekara, wannan magana ce ta abinci da kasuwa da lafiyar 'ya'ya.

Ranar 5 ga Janairu

Najeriya ta sami 'yancin kai a ranar 1 ga Oktoba, 1960. Bayan kwana shida Tafawa Ɓalewa ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, ƙasarsa ta zama mamba ta 99. Bai naɗa ministan harkokin waje ba a lokacin, shi da kansa ya riƙe ma'aikatar har zuwa tsakiyar 1961, lokacin da ya miƙa ta ga Jaja Wachuku. Saboda haka da Faransa ta tayar da bam na uku a ranar 27 ga Disamba, 1960, a tsakiyar hunturu, babu wata Landan da za a kai wa kuka, kuma babu wanda za a tura wa fayil ɗin.

A ranar 5 ga Janairu, 1961, gwamnatinsa ta yanke huldar jakadanci da Faransa. An ba jakada Raymond Offroy awa 48 ya bar ƙasar, aka kuma haramta wa jiragen ruwa da na sama na Faransa amfani da tashoshin Najeriya. Mutane da dama sun yi mamaki, domin wannan shi ne shugaban da 'yan adawa da ɗaliban jami'a ke zargi da sanyin hali da biye wa Turawa, musamman saboda yarjejeniyar tsaro da ya ƙulla da Birtaniya. Ga shi ƙasa mai wata uku da 'yanci ta nuna wa ɗaya daga cikin manyan ƙasashen duniya ƙofa.

Matakin ya zo da tsada, kuma waɗanda suka fara ɗanɗana ta maƙwabta ne. Nijar da Chadi ba su da teku, kayansu da yawa ta tashoshin Najeriya da layin dogon Kano suke bi, kuma cinikinsu da Faransa yake. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram na cikin abin da haramcin ya shafa. Bayan koke-koken waɗannan ƙasashe aka janye haramcin sufurin a cikin wannan shekara, amma huldar jakadanci ta yi fiye da shekara huɗu a yanke. Masana tarihi da dama na ganin de Gaulle bai manta da wannan sallama ba, kuma suna lissafa ta cikin dalilan da suka sa Faransa ta karkata ga Biyafara a lokacin yaƙin basasa. Faransa kuma ba ta fasa ba: ta yi gwaji na huɗu a sarari a ranar 25 ga Afrilu, 1961, sannan ta koma yi a cikin duwatsun In Ekker, inda ta yi goma sha uku zuwa watan Fabrairu na 1966.

Duk da haka, lokaci ya nuna cewa tsoron yana da tushe. Takardun sojan Faransa da aka buɗe bayan fiye da shekara hamsin sun nuna cewa gajimaren gwajin farko ya bazu a kan babban yanki na Afirka ta Yamma, har ya kai gaɓar kudancin Turai. Waɗanda suka fi shan wahala su ne mazauna yankin Reggane, da aka ce babu su, da kuma sojoji da leburorin da suka yi aiki a wurin. Faransa ta kafa dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajenta suka cutar a ranar 5 ga Janairu, 2010, shekara 49 cif bayan sallamar jakadanta daga Legas.

Bayan sallama

Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ba ta tsaya a fushi ba. A 1962 Najeriya ta shiga kwamitin ƙasashe 18 na kwance ɗamarar yaƙi a Janiba, cikin ƙasashe takwas 'yan ba-ruwanmu. A watan Mayu na 1963 Firaminista yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, kuma a taronta na Alƙahira a 1964 aka ayyana ƙudirin tsarkake nahiyar daga makaman nukiliya. Wannan ƙudiri ne ya zama yarjejeniyar Pelindaba da aka sanya wa hannu a 1996, ta fara aiki a 2009. A 1964 ɗin kuma Najeriya ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, alamar cewa gwamnatin ta bambance tsakanin bam da ilimin da ke bayansa.

A cikin gida kuwa al'amura sun yi ta dagulewa. Rikicin Jihar Yamma na 1962 ya kai ga dokar ta-ɓaci, aka ɗaure Cif Obafemi Awolowo a 1963, ƙidayar jama'a ta zama abin jayayya, zaɓen tarayya na 1964 ya zo da ƙauracewa, na Yamma a Oktoban 1965 ya ƙare da ƙone-ƙone. Masu suka sun ce mutumin da ya yanke wa Faransa hukunci cikin kwana tara ya yi jinkiri a kan wutar da ke ci a gidansa, kuma wannan suka ce da tarihi bai kore ta ba. A ranakun 11 da 12 ga Janairu, 1966, ya karɓi baƙuncin shugabannin Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya. A daren 15 ga wata sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kawo ta Bauchi aka binne. Shekarunsa 53.

Abin da ya rage

Kabarinsa yana cikin garin Bauchi, hotonsa yana kan takardar naira biyar, jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a garin a 1980 tana ɗauke da sunansa. A cikin azuzuwanta ɗaliban shekarar farko na zana cibiya da hawan ilektiron, darasin da bai cika ba a lokacin da shi yake ɗalibi.

Maganar zarra kuma ba ta bar wannan yanki ba. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, kuma shekaru da yawa yana cikin abin da ke kunna fitilun Faransa. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana gudanar da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam marar ƙarfin haɗa makami. A Abuja akwai Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya da kuma hukumar da ke sa ido kan amfani da shi a asibitoci da rijiyoyin mai da masana'antu, kuma zancen gina tashar lantarki ta nukiliya yana dawowa teburin gwamnati lokaci zuwa lokaci.

Irin waɗannan takardu ta hannun ma'aikata suke bi. Wani ne zai taƙaita rahoton ƙwararru zuwa shafi ɗaya, wani ya rubuta wa minista shawara a gefen fayil, wani ya tsara jawabin da za a karanta a Biyana. Wanda bai san bambancin yuraniyam 235 da 238 ba, ko abin da ake nufi da lalacewar rabi, dole ya karɓi duk abin da mai sayar da kaya ko jakadan wata ƙasa ya gaya masa. Tafawa Ɓalewa bai yi karatun kimiyya mai zurfi ba, malamin makaranta ne da ya saba da karanta abu har ya gane shi kafin ya tsaya gaban aji. Da wannan tarbiyya ya auna tabbacin da Faransa ta bayar, ya ga bai isa a jingina lafiyar 'ya'yan makiyaya da manoma a kansa ba, ya kuma yarda ƙasarsa ta biya kuɗin matsayin da ta ɗauka. Allah ya jiƙansa da rahama.